Ranar da 35 da 40 Suka Ba Ni 3540

 

An nemi in faɗi abin da na tsinta a koyon rubuta wa kwamfuta umarni. Zan tsaya a kan kuskure guda, domin saura ƙiris ya sa in zalunci ɗalibaina.

Harshen da nake koyo shi ne Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991. A ƙarshen zangon da ya gabata na rubuta ɗan umarni domin ya tara mini makin gwaji da na jarrabawa. Na shigar da 35, na shigar da 40, ina jiran 75. Sai ga 3540. Na kashe kwamfutar, na kunna, ba ta sauya zani ba.

Ashe laifin nawa ne. Duk abin da aka shigar ta umarnin input, a matsayin rubutu Python ke karɓarsa, ko da alƙaluma ne zalla. Alamar tarawa kuwa, idan ta tarar da rubutu biyu, manna su take yi, kamar yadda muke koya wa 'yan aji ɗaya haɗa "ka" da "za". Sai an bi da rubutun ta umarnin int yake zama lambar lissafi. Idan aka gwama rubutu da lamba, Python kan ƙi aikin, ya nuna kuskure. A ganina wannan ƙin alheri ne, domin harshen JavaScript ba ya gardama: "5" a tara da 3 sai ya ba ka 53, amma a ɗebe 3 ya ba ka 2.

To, 3540 ko makaho ya shafa ya san ba daidai ba ne. Abin da ya tayar mini da hankali ya biyo baya. Na adana jimlolin a fayil, da na sake karanto su sai suka koma rubutu ban sani ba. Shi kuwa rubutu, jerin ƙamus ake yi masa, alƙalamin farko ake fara dubawa. Nan take yaron da ya ci 9 ya hau kan yarinyar da ta ci 85, mai maki 100 kuma ya faɗo ƙasan su duka, ba tare da wani gargaɗi ba. Da ban san yaran nan ɗaya bayan ɗaya ba, da haka sakamakon ya isa hannun iyaye da sa hannuna a jiki.

Sai dai kada mu ce kowane alƙalami lamba ne. Lambar wayar uba ba a tara ta, ba a raba ta, saboda haka a bar ta a rubutu. Wanda ya mayar da ita lamba zai ga sifirin farko ya ɓace, kamar yadda Excel ya sha yi wa da yawa daga cikinmu a rajistar aji.