Yadda Ake Riƙon Ƙungiya Ta Daɗe: Jawabi Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Gama Kai A Jalingo



An nemi in yi magana a kan abubuwan da ya wajaba mai riƙon ƙungiya ko mai sana'a ya iya. Abubuwan suna da yawa, amma kusan dukkansu suna komawa ga abu guda, wato a fid da al'amuran ƙungiya daga cikin kan mutum ɗaya a sa su a takarda, inda kowane ɗan ƙungiya zai iya dubawa.

Tun ranar 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola aka mai da Jalingo babban birninta, garin nan yake ta bunƙasa, ƙungiyoyi kuma suna ta yawaita a ciki da kewaye. Akwai na manoman shinkafa a fadamun Binuwai wajen Lau da Karim Lamido da Gassol, da na manoman doya a ƙasar Zing, da na masu fataucin shanu a Iware, da na ma'aikatan gwamnati, da na mata masu adashi, har da na samari masu ƙwallo. Kafa ƙungiya ba wuya, gama dokar ƙungiyoyin gama kai ta Nijeriya ta 1993 mutum goma kawai ta nema kafin a yi wa ƙaramar ƙungiya rajista. Riƙon ne da wuya. In kuka tuna ƙungiyoyin da kuka sani suka mutu, za ku tarar kaɗan ne ƙarancin jari ya kashe. Yawancinsu zargi ne ya raba su, zargi kuwa ba ya samun wurin zama sai inda babu lissafi.

Wannan hanya ta gama kai da muke bi, asalinta daga garin Rochdale ne na Ingila. A 1844 waɗansu mutum 28, kusan rabinsu masaƙa, suka tara fam 28 suka buɗe ɗan kanti. Jarin nan bai taka kara ya karya ba. Abin da ya raya su shi ne ƙa'idodin da suka rubuta: ciniki hannu da hannu ba bashi, kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa, riba kuma a raba ta gwargwadon cinikin da mutum ya yi da kantin. A ƙasarmu Baturen nan Strickland ne ya ba da rahoto a 1934, aka yi dokar farko a 1935, a kan irin waɗannan ƙa'idodi.

To, abu na farko shi ne raba aiki. Shugaba ya ba da izni, ma'aji ya karɓi kuɗi ya biya, magatakarda ya rubuta, mai binciken kuɗi kuma ya bi sawunsu. Kada mutum ɗaya ya riƙe biyu daga cikin waɗannan, kada kuma ma'aji ya zama ƙanen shugaba ko surukinsa. Na san abin da ake faɗa a nan: ai Malam wane mutumin kirki ne, limami ne ko dattijon coci, wa zai tuhume shi? Amma fa lissafi kāriya ce ga mutumin kirki. Ran da kuɗi ya ɓace, ma'ajin da ba shi da rasit ba shi da mai tsaya masa, ko da bai ci kwabo ba. Ma'aji mai hankali shi da kansa zai nemi a bincike shi.

Sa'an nan sai littattafai, a nan ne kuma zan ɗan daɗe. Kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, tana bukatar rajistar 'yan ƙungiya, da littafin shiga da fitar kuɗi, da littafin rance, da littafin rubuta shawarwarin taro, da kundin rasit mai lamba. A rubuta kowane kuɗi a ranar da ya shiga ko ya fita, kada a bari sai ƙarshen wata, domin abin da aka rubuta daga baya ƙirƙira ce. Kuɗin ƙungiya ya kwana a banki da sunan ƙungiya, kada ya fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku. A zamanin nan na tura kuɗi ta waya akwai wata sabuwar ɓaraka: 'yan ƙungiya suna tura gudummawarsu cikin asusun ma'aji na kansa, don sauƙi. Lalle ne a hana wannan. In kuɗin jama'a ya cuɗu da kuɗin cefane, ko mai shi ba zai iya rarrabe su ba, in kuma ya rasu magada ne za su yi gardama da ku.

Amfanin littafi bai tsaya ga tsare amana ba. Shi ne yake nuna wa shugabanni ko riba ake ci ko uwar kuɗi. Mu ƙaddara ƙungiya ta ci rance ta sayi buhun shanshera 100 da kaka, kowanne a kan naira 40,000, da niyyar sayarwa da bazara a kan naira 50,000. Da baki, kowa zai ce ribar naira 1,000,000 ce, har a fara shawarar yanka sa. Amma mu buɗe littafi. Kuɗin buhu da dako da mota ya ci 250,000. Hayar sito da mai gadi ta ci 150,000. Ɓera da ƙwari da danshi sun lalata buhu 4, wato 200,000. Kuɗin ruwan rance ya ci 300,000. Abin da ya saura naira 100,000 ne kacal. Ko wannan ɗin ma ba duka za a raba ba, gama doka ta ce a ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na tsantsar riba a asusun ko-ta-kwana. Shugaban da bai iya wannan lissafi ba sai ya raba wa mutane jarinsu yana kiransa riba, su yi ta yi masa godiya shekara biyu, a ta uku a nemi ƙungiya a rasa. Wannan lissafi ya shafi mai kanti da mai injin casa daidai da yadda ya shafi ƙungiya. Mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, ya daina zura hannu cikin aljihun kanti.

Asusun ko-ta-kwana ɗin nan kada ku ɗauke shi tamkar haraji. Mutanen bakin Binuwai ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, yadda ruwa ya shafe gonaki ana gab da girbi. Ƙungiyar da take da ajiya ita ce ta iya saya wa mutanenta iri don noman rani.

Batun rance kuwa, shi ne wurin da kunya take kashe ƙungiyoyinmu. Wanda ya ci bashi maƙwabci ne, ko ɗan'uwa, ko babban mutum, sai kowa ya ji nauyin tambayarsa. Maganin wannan shi ne a rubuta ƙa'ida tun ba a san wanda za ta faɗa wa ba: iyakar abin da mutum zai ranta gwargwadon ajiyarsa, masu lamuni biyu daga cikin 'yan ƙungiya, ranar biya, da abin da zai biyo baya in an saɓa. Shugabanni su ne za su fara bin ta, kada ɗan kwamiti ya zauna a taron da ake duba takardar rancensa. Haka nan rancen da ya zo daga Bankin Manoma ko daga wani shiri na gwamnati bashi ne, ba rabon ganima ba. Shirin rancen manoma da Babban Bankin Nijeriya ya fara a Jihar Kebbi a 2015 ya sha wahala ƙwarai wajen karɓo kuɗi, wanda kuwa ya ƙi biya ya rufe ƙofa ne ga na bayansa.

Taro ba ya bukatar dogon bayani. A sa masa rana tabbatacciya, a fara kan lokaci, a karanta shawarwarin da suka gabata, ma'aji ya faɗi abin da ke banki ya nuna takardar banki a gani da ido. A yi magana da harshen da kowa yake ji. Jihar nan tana da harsuna masu yawan gaske, saboda haka in akwai wanda Hausa ba ta ishe shi ba, a sami mai fassara masa da Fillanci ko Mumuyanci ko Jukunanci. A kuma bar mata da matasa su faɗi ra'ayinsu, tun da su ma kuɗinsu yana ciki.

Akwai wani gwaji da nake so kowane shugaba ya yi wa kansa in ya koma gida. In yau ciwo ya kwantar da kai wata uku, ƙungiya za ta iya sayen taki, ta karɓi bashi, ta yi taro? In ba za ta iya ba, to, aikinka da saura. Ka ja mataimakinka a jiki, ka tafi da shi banki da ofishin hukuma, ka nuna masa inda kowace takarda take. In wa'adinka ya cika ka sauka, ka miƙa littattafai da mabuɗai da takardar rajista a gaban taro, a rubuta abin da aka miƙa, ku biyu ku sa hannu.

Waɗanda ba su yi rajista ba tukuna, ƙungiyar gama kai ofishin Daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha za ta nufa, da sunayen mutanenta da dokokinta a rubuce. Kulob da ƙungiyar taimakon juna kuwa, Hukumar Rajistar Kamfanoni ce take yi wa amintattunsu rajista, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Ku zo da littattafanku komai tsufansu, ko da na makaranta ne aka ja wa layi da biro, jami'an gama kai za su nuna muku yadda ake daidaita su.