Jawabi a Kan Zaman Mai Mota da Mai Keke a Hanyoyin Gaya da Ajingi



An nemi mu yi tsokaci a kan rashin jituwar da ke tsakanin masu mota da masu keke a hanyoyinmu, musamman babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta biyo ta Wudil ta ratsa ƙasar Gaya, da kuma hanyar Gaya zuwa Ajingi.

Kafin mota ta yawaita, keke ne abin hawan malamin makaranta da ɗan kasuwa, mai Raleigh kuwa mutum ne da ake nunawa a gari. Har yau keke ke kai ɗalibi makaranta, shi ke kai buhun gero kasuwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 mutane da dama sun koma masa. Amma direba yana ɗaukar mai keke a matsayin mai tare hanya, ya yi ta danna masa ƙaho har ya ture shi gefen kwalta. Shi kuwa mai keke gani yake girman kai ne na mutanen birni.

Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai keke yakan fita da dare ba fitila, ya ɗaura kara a gicciye, ya tsallaka titi ba waiwaye. Duk da haka nauyin ya fi yawa a wuyan mai mota, domin shi ƙarfe ya kewaye shi, wancan kuwa jikinsa ne kawai.

Babbar matsalar yau ita ce wayar salula, wadda ta shigo ƙasar nan a 2001. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Ta kuma ce haɗarin direban da ke amfani da waya ya ninka na wanda ba ya yi kusan sau 4.

Mu yi lissafin aji: motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye kimanin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya duba saƙo na daƙiƙa 5 ya shafe mita 110, wato fiye da tsawon filin ƙwallo, bai ga gabansa ba. Yaron da ke kan keke a wannan tazara, wa zai gan shi?

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, dokarta ta 2007 ta hana amfani da waya a lokacin tuƙi. Sai dai jami'anta ba za su tsaya a kowace kwana ba. Saboda haka muna ba da shawarwari uku.

Na farko, mu da muke zuwa gida da motoci lokacin Sallah da bukukuwa, mu ajiye waya har sai mun tsaya, mu rage gudu a bakin kasuwa da makaranta, mu bar wa mai keke fili idan za mu wuce shi.

Na biyu, ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta ta sayi fitilu da abin ƙyalli na bayan keke, a raba wa ɗalibai ta hannun shugabannin makarantu, tare da koya musu ƙa'idojin hanya.

Na uku, mu rubuta wa ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi mu nemi a kafa alamun rage gudu a mashigar garuruwa.

'Yan uwa, wanda ke kan keken nan ƙanenmu ne ko ɗanmu, ko kuma dattijon da ya sayar da amfanin gona ya biya mana kuɗin makaranta. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.