ABOTA DA DOKA: ABIN DA WANI FIM ƊIN KABOYI YA TUNA MINI



Na san wasu za su yi mamaki da suka ji cewa a kan fim ɗin kaboyi zan yi magana, alhali kuwa ga matsaloli jibge a ƙasarmu. Ina roƙonku ku yi mini haƙuri, domin kafin in sauka daga nan za ku ga cewa zancen gida nake yi.

Fim ɗin shi ne Pat Garrett and Billy the Kid, wanda Sam Peckinpah ya shirya a shekarar 1973. James Coburn ne ya fito a matsayin Garrett, Kris Kristofferson ya fito a Billy, mawaƙin nan Bob Dylan kuma shi ya yi waƙoƙin ciki. Ga yadda labarin yake. Mutum biyu ne aminan juna, sun daɗe suna yawon ɓarna tare. Da girma ya fara kama Garrett, sai ya karɓi aikin shugaban 'yan doka na gundumar Lincoln, a yankin Niyu Meziko. Manyan masu garken shanu da 'yan siyasa suka ɗora masa sharaɗi guda, watau ya raba su da Billy. Ya je ya sami abokin nasa, suka zauna suka yi hira, ya ba shi 'yan kwanaki ya bar ƙasar. Billy ya ƙi. Daga nan aka shiga farauta, har daren da Garrett ya laɓe a cikin ɗaki mai duhu ya harbe shi. Da ya juya ya ga fuskarsa a madubi, sai ya harbi madubin. Gari na wayewa ya hau doki zai tafi, wani yaro ya bi shi da jifa.

Mutanen nan biyu sun rayu da gaske, ko da yake masana tarihi sun ce sanayya ce a tsakaninsu, masu fim ne suka mai da ita aminci. An zaɓi Garrett a watan Nuwamba na 1880, ya kama Billy a watan Disamba. Kotu ta yanke wa Billy hukuncin rataya, amma a ranar 28 ga Afrilu, 1881, ya kashe masu gadinsa biyu ya tsere. Ranar 14 ga Yuli na wannan shekara Garrett ya kashe shi a garin Fort Sumner, yana ɗan shekara 21 ko kusa da haka, watau sa'an yawancinmu da ke zaune a nan. Shi ma Garrett bai mutu a kan gadonsa ba, domin a 1908 aka harbe shi a kan hanya. Akwai kuma abu guda da ya kamata mu riƙe. Tun a 1879 Gwamna Lew Wallace ya gana da Billy a asirce, ya yi masa alkawarin afuwa idan ya ba da shaida a kan wani kisan kai. Billy ya ba da shaidar, afuwa ba ta zo ba, ya koma daji.

To, jama'a, yanzu mu bar Amurka mu dawo Zamfara. A ƙarshen 2016 gwamnatin jiha ta yi sulhu da 'yan bindiga, cikinsu har da ƙasurgumin nan Buharin Daji, aka miƙa makamai, aka yi murna. Ba a daɗe ba sulhun ya wargaje. A watan Maris na 2018 aka wayi gari da labarin an kashe Buharin Daji, kuma wanda ya kashe shi na jikinsa ne, Dogo Giɗe, wanda a lokacin ake ƙirga shi cikin tubabbu. Mutane da yawa a Gusau suka ce an kashe maciji. Ashe ba a sare kansa ba. Yaran mamacin suka watsu ƙungiya-ƙungiya, shi kuwa Dogo Giɗe sunansa aka riƙa ambata a satar ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a 2021.

A 2019 sabuwar gwamnati ta sake gwada sulhu. A watan Yuli na 2022 masarautar 'Yandoton Daji, a ƙaramar hukumar Tsafe, ta naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, da hujjar neman zaman lafiya, alhali tun 2020 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa. Da surutu ya yi yawa, gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. 'Yandoto fa, garin da tarihi ya sani da malamai da karatu! Sa'an nan a watan Satumba na 2023 abin ya zo har ƙofarmu, da aka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a Sabon Gida, cikin ƙasar Bungudu, aka kwashe 'yan'uwanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na yabi ɗan fashi. Babban laifin fim ɗin a wurina shi ne yadda ya yi wa Billy kwalliya, ya nuna shi saurayi mai fara'a da son 'yanci, har mai kallo ya manta da gawar masu gadin nan biyu. Manomin Tsafe da ya biya kuɗi kafin a bar shi ya girbe dawarsa ba zai yi wannan mantuwa ba. Haka ma uwar da ta sayar da gonar gado don ta fanshi 'yarta.

Abin da nake so in faɗa ɗaya ne. Duk lokacin da hukuma ta bar hanyar shari'a ta koma dogara ga sanayya, ko ta aiki aboki ya kashe aboki, ko ta yi alkawari a ɓoye ta saɓa, ko ta ba mai laifi rawani, to ta ci bashin da talakawa za su biya. Mai laifi ya gane cewa bindiga ce ke jawo masa girma. Wanda ya tuba ya gane cewa alkawarin hukuma ba abin riƙewa ba ne. Wanda aka zalunta kuwa ya gane cewa babu mai bi masa hakki, sai ya ɗauki tasa bindigar ya zama ɗan sa-kai, ya je ya huce a kan Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba, shi kuma ɗan wannan Bafulatani ya shiga daji. Ta haka wutar take ta ci. Ban ce kada a yi sulhu ba, domin Allah Ya yabi sulhu. Amma a yi shi a bainar jama'a, a rubuce, a san wanda aka yafe wa da abin da aka yafe, a biya wanda aka zalunta, Bahaushe ne ko Bafulatani, kuma wanda ya karya ya gamu da alƙali.

A ƙarshe ina magana da mu kanmu. Nan da shekara biyu ko uku wasunmu za su zama 'yan sanda, wasu alƙalai, wasu sakatarorin ƙananan hukumomi. Ƙasar nan ƙarama ce, kowa ya san kowa. Wata rana za a ajiye fayil a gabanka, ka buɗe ka ga sunan wanda kuka yi makarantar allo tare, ko wanda kuka ci tuwo akushi ɗaya, ana zarginsa da kai wa 'yan daji man fetur ko labari. Hanya biyu masu sauƙi za su buɗe maka. Ko ka ɓatar da fayil ɗin don kunyar abota, ko ka sa a gama da shi a ɓoye don manya su yabe ka. Duka biyun cin amana ne, ta farko amanar jama'a, ta biyu amanar shari'a. Hakkin abota a kanka shi ne ka tabbata an kai shi gaban alƙali da ransa, an ji ta bakinsa, ba a ƙara masa laifin da bai yi ba, kuma ka taimaki iyalinsa da abin aljihunka idan kana da hali. Hakkin jama'a a kanka shi ne kada ka sake shi.

Garrett ya sami ladansa da sunansa, amma ya kasa duban fuskarsa a madubi. Allah Ya kiyashe mu da irin wannan rana, Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya dawo da waɗanda ke hannun 'yan bindiga gidajensu.