Hanyoyin Ƙafa na Karkarar Rufa'a: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu



Maganata ta yau a kan tafiya da gudu ce, abin da kakanninmu ba su buƙaci a yi musu jawabi a kansa ba. Yawancin Hausawan da suka kafa ƙauyukan nan na Jazira da bakin Bahar Azrak a ƙafa suka iso, wasu da niyyar aikin hajji, wasu kuma cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka sauka kusa da Sinnar, a garin da ake kira da sunansa har yau. Ƙafa ce ta kawo mu ƙasar nan. Amma ku dubi yinin ɗan kasuwa a yanzu. Raksha ce ke kai shi rumfa da safe, ya zauna har la'asar, ana ta kawo masa shayi mai kaurin sukari, da yamma kuma raksha ta mayar da shi gida. Irin wannan zama yana daga cikin abubuwan da ke buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga, cututtukan da kan daɗe a jiki ba a sani ba, sai ranar da suka kayar da mai gida, rumfa ta rufe, cefane ya tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Idan kun raba, rabin awa ke nan sau biyar a mako. Yara kuwa awa guda suke buƙata kullum. Ma'aunin matsakaici mai sauƙi ne: ku yi sauri har numfashi ya ɗan hau, amma kuna iya hira da abokin tafiya. Ba a buƙatar fili na musamman. Karkarar Rufa'a tana da hanyoyi iri uku, kowace da amfaninta, kowace kuma da abin da za a kiyaye.

Ta farko ita ce hanyar bakin kogi, wadda ke bi ta gefen lambuna, kana hango Hasahisa a tsallake. Da asuba iskarta tana da sanyi, ƙasarta kuma ba ta wahalar da gwiwa, saboda haka ita ta fi dacewa da dattawa da masu farawa. Sai dai lokacin cikar kogi, wajen watan Agusta da Satumba, gaɓa takan zaizaye ta rufta, don haka ku ja baya zuwa tudu. Kada ku kai magariba a wurin, domin daga faɗuwar rana sauro mai kawo zazzaɓi ke fitowa.

Ta biyu ita ce hanyar gefen tur'a, wato manyan magudanan ban ruwa, ko a gonakin raken Junaid da ke wannan ɓangare namu, ko a gonakin Jazira bayan an haye gada, waɗanda madatsar Sinnar ke shayarwa tun 1925. Hanyoyin nan miƙaƙƙu ne, babu hawa babu gangara, kuma mutum yana iya auna ci gabansa daga wannan ƙaramar gada zuwa waccan. Haɗarinsu yana cikin ruwan. Dodon koɗin da ke zaune a ruwa mai tafiya a hankali shi ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke huda fatar mutum ko da babu rauni. Wanda ya yi gumi ya tsoma ƙafa don ya huce yana iya komawa gida da ita. Alamarta jini a fitsari ko a bayan gida, kuma idan ta daɗe tana lalata hanta da mafitsara. Ku tafi da ruwanku a gora, ku yi wanka a gida, ku kuma ja kunnen yara. Wanda ya ga alama ya je asibiti, akwai ƙwayar magani mai suna firazikwantel da ke kashe ta.

Ta uku ita ce hanyar gabas, mai ratsa filin Butana ta nufi Tambul. Samari masu son nisa ita suka fi so. A nan ƙaya ce abin tsoro. Cutar da kuke kira nabit, wadda likitoci ke kira maisitoma, tana shiga ne ta ƙaramin rauni irin sukan ƙaya. Takan fara da ɗan kumburi marar zafi, a hankali ta ci nama ta kai ga ƙashi, har wani lokaci a yanke ƙafa. Jazira da Sinnar na cikin yankunan da ta fi yawa a duniya, shi ya sa aka kafa cibiyar bincikenta a Khartum a 1991. Saboda haka kada kowa ya bi wannan hanya da silifa ko ba takalmi. A sa takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, ko da na gwanjo ne. Kumburin da ya ƙi tafiya kuma a nuna wa likita tun yana ƙarami, kada a tsaga shi a gida.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi hanyoyin duka. Yaƙin da ya fara a watan Afrilun 2023 ya ratsa wannan yanki, kun fi ni sanin abin da ya bari. Harsasai da bama-baman da ba su fashe ba suna iya kwanciya cikin ciyawa, ko a kango, ko kusa da motar da ta ƙone. Ku tsaya a kan turbar da mutane da dabbobi ke bi kullum, kada ku yanke ta cikin saura don rage nisa. Wanda ya ga baƙon ƙarfe kada ya taɓa, kada ya jefe shi. Ya koma ta sawunsa, ya sanar da shugaban ƙauye domin a kira masu aikin kwancewa. Yara su ne suka fi ɗaukar irin waɗannan abubuwa, ku yawaita faɗa musu.

Game da lokaci, bayan sallar asuba ya fi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi kan wuce digiri 40. Ranar da habubu ta taso a haƙura. Da damina, idan baƙar lakar nan ta jiƙa, tana kama ƙafa tana jawo targaɗe, sai a jira ta sha iska. Da azumi kuma a rage, a mayar da ita tafiya bayan buɗa baki a cikin gari.

Mai farawa ya yi mako biyu yana tafiya kawai, sannan ya riƙa gudun minti ɗaya yana tafiyar minti biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ya fara zuwa a auna shi. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin rauni kan same shi bai ji ba. Idan ƙirji ya ɗaure ko jiri ya taso, a tsaya nan take a nemi likita.

Iyayenmu mata, wannan magana har da ku. Rufa'a ce garin da Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, lokacin da mutane da yawa ke ganin abin bai dace ba. Ku haɗu uku ko huɗu cikin suturarku, ku yi tafiyar sauri zuwa lambu ku dawo. Samari kuma ku tuna cewa lambar Olamfik ta farko da Sudan ta samu a gudu ne, lokacin da Isma'il Ahmad Isma'il ya zo na biyu a tseren mita 800 a Beijin a 2008.

Abin da nake roƙo shi ne, kafin kasuwa mai zuwa kowane gida ya zaɓi hanya ɗaya, da aboki ɗaya, da lokaci ɗaya, a kuma sanar da mutanen gida inda aka nufa kafin a fita. Allah ya ƙara mana lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.