Hadarin Gabas da Gidajenmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-shekara na Ƙungiya



Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san daga gabas hadari ke taso mana: gari ya yi tsit, sai iska mai sanyi ta kunno da jar ƙura, kana ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Masana yanayi sun keɓe wa irin wannan hadari fanni guda, wato nazarin matsakaitan tsare-tsaren sararin samaniya, waɗanda suka fi gajimare ɗaya girma amma ba su kai faɗin nahiya ba.

Gizagizai ne suke jeruwa sahu guda, tsawon ɗaruruwan kilomita, su nausa yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Iskar da ke rigan ruwa isowa daga cikin hadarin take faɗowa. Ita ce ke cusa kai ƙarƙashin iska mai ɗumi, ta ɗaga ta sama, sabon gajimare ya haɗu a gaba. Ta haka hadari ke sabunta kansa har ya kwana yana tafiya. Kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na ruwan daminar Sahel daga irinsa yake. Ke nan geronmu na rataye ne a kan 'yan ranaku ƙalilan.

A 2006 shirin bincike na AMMA ya girka na'urar rada a Yamai domin bin sawunsa. A 2017 kuma Christopher Taylor da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Nature cewa mafi tsananin waɗannan hadura sun ninka sau uku tun 1982, saboda ƙaruwar zafin Sahara.

Mu da muke aika kuɗi gida ana gini, wannan magana tamu ce. Kwanon da ba a ɗaure da kyau ba, da katangar laka marar tushe, da kwalbatin da aka auna da ruwan jiya, ba za su jure ba. A ganina gyaran magudanai ya fi sabon zauren taro gaggawa.

Tauraron Meteosat na hango hadarin sa'o'i kafin ya iso. Ina roƙon ƙungiya ta naɗa mutum biyu da za su riƙa bin gargaɗin hukumar NiMet suna kiran masu unguwanni ta waya, ta kuma sa shuka itatuwa a gabashin makarantunmu cikin kasafin bana.