Ƙonni Kusa Ce, Amma Wata Ƙasa Ce

Muna nan Illela. Yau maganar tsallaka iyaka za mu yi, musamman ga matasan da ke zuwa daga Sakkwato, Kano ko Zariya suna son shiga Birnin Ƙonni, wasu fatauci, wasu neman magani a asibitin Galmi, wasu zumunci kawai.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne harshe. Ka hau kabu-kabu, 'yan mintoci ka iso, kowa na Hausa, sai ka manta ka bar Najeriya. To wallahi ka bar ta. Jandarman da zai tsayar da kai dokar Nijar yake aiki da ita, kuma "ai ni ɗan Illela ne" ba takarda ba ce.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ita ta ba mu damar shiga ba biza har kwana 90. Amma ku tuna abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: an rufe wannan iyakar tamu sai Maris 2024, kuma ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Ƙasashen uku sun ce ɗan ECOWAS zai ci gaba da shiga ba biza, amma sun riƙe ikon mayar da wanda ba su yarda da shi ba. Saboda haka riƙe fasfonka da katin rigakafin shawara, ka bi ta ƙofa, a buga maka hatimi. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa wani a gida.

Na san abin da wasu za su ce: "Barauniyar hanya ta fi sauƙi, ɗan acaɓa ya san daji." E, ya san daji. Amma in aka tare ku, shi ɗan gida ne, kai ne baƙon da ba shaidar shigowarsa. Ga kuma halin da dajin iyaka ke ciki, kowa ya ji labarin Lakurawa ta wajen Tangaza da Gudu. Ni dai ban ga kuɗin da za ka rage da ya kai wannan kasadar ba.

Sai kuɗi, nan ne baƙo ke shan kunya. A Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka "ashirin", sefa 100 yake nufi. "Ɗari" sefa 500 ce, jaka guda kuma 1,000. Ka yi canji tun nan, ka tambayi mutum biyu ko uku farashi, ka ƙirga a gabansa. Kar ka dogara da tiransifa, can tsabar kuɗi ake so.

In za ka wuce Tawa, Maraɗi ko Yamai, je tashar manyan motoci irin su Rimbo ka yanki tikiti, ka yi tafiyar rana. A shingen bincike cire abin kunne, ka gaisa, ka miƙa takarda. Kar ka ɗaga waya kana hoton soja ko bariki. Siyasar Tchiani da Tinubu kuwa, don Allah bar ta a aljihu har ka dawo.

Kuma kar ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba a tasha, ko da ƙulli ne ƙarami. Duk abin da duwan suka samu a jakarka, naka ne.

Wanda ya tsallaka kwanan nan ya gaya mana takardun da aka tambaye shi, za mu karanto a shiri na gaba. Sai an jima.