Abin da Ke Girma da Abin da Ba Ya Girma: Canza Girman Zane a Kwamfuta da Sana'o'in Zangon Kumasi

 

Takardata a kan umarni ɗaya take daga cikin umarnan manhajar zane, wato wanda ke ƙara wa abu girma ko ya rage shi. A AutoCAD, manhajar da kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, sunansa SCALE. Aikinsa ba wuya: ka zaɓi abin, ka nuna ɗigon da zai tsaya cik a wurinsa, ka rubuta lamba. Ka sa 2, komai ya ninka. Ka sa 0.5, komai ya koma rabi. Yaro yakan koye shi a yini guda, kuma sauƙin nan nasa ne ke jawo asara a shaguna, domin idan aka ce komai, to komai ɗin ake nufi.

Mu ɗauki mai walda a Aboabo ko Suame Magazin da ke Kumasi. Yana da zanen ƙyauren gida mai faɗin ƙafa 12 da tsayin ƙafa 7, na bututun ƙarfe mai kaurin milimita 40. Alhaji ya zo ya ce nasa ƙafa 14 yake so, saboda motarsa babba ce. Yaron da ke kan kwamfuta ya raba 14 da 12, ya buga abin da ya samu. Faɗi ya yi daidai. Amma tsayi ya tashi ƙafa 8 da inci 2, alhali ginshiƙan Alhaji suna nan yadda magini ya bar su. Bututu ya zama milimita 46.7, wanda ko ka zaga Magazin kaf ba mai sayar maka da shi. Ramin noti na milimita 12 ya koma 14, noti yana rawa a ciki. Da masta ne da allinsa a kan simintin shago, ba zai yi haka ba: zai ƙara sanduna a tsakiya, ya bar tsayi da kauri. Manhajar ma tana da umarnin da ke yin hakan, STRETCH, wanda ke jan gefe ɗaya ya bar sauran. Sai dai SCALE aka fi saurin koyarwa.

Matsala ta biyu ta ma'auni ce, kuma tamu ce ta gida. Ghana ta koma tsarin mita tun shekarun 1970, amma har gobe fili da ƙafa ake cinikinsa, ɗari da saba'in ko ɗari da ɗari. Katako da inci, atamfa da yadi. Ɗalibin jami'ar KNUST ko na Jami'ar Fasaha ta Kumasi kuwa da milimita aka koya masa zane. Manhajar lamba kawai take gani. Zanen da aka yi a Amurka da inci, idan aka buɗe shi a matsayin milimita, zai fito ƙarami har sau 25.4. Taswirar safiyo mai ƙafa kuma sai an ninka ta da 304.8 kafin ta zauna da zanen gini. Kada mu ɗauka ƙananan mutane kaɗai ke faɗawa ramin nan: a 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan da na tsarin mita. Maganin a wurinmu mai araha ne. Kafin a taɓa komai, a auna abu ɗaya da aka san tsawonsa a zanen, misali bakin ƙofa. Idan ya saɓa, a cikin SCALE akwai zaɓin da ake nuna masa tsohon tsawo, a rubuta sabo, ya yi lissafin da kansa.

Inda na fi so mu tsaya shi ne wajen teloli, domin aikin wuya na babbar riga da kaftani yanzu injin kwamfuta ya shige shi. Fayil ɗin da injin ke karantawa, irin DST na kamfanin Tajima, ba siffar fure ko aska yake ajiyewa ba. Wuraren da allura za ta soka yake ajiyewa, ɗaya bayan ɗaya. Ka faɗaɗa shi, yawan sukan yana nan, tazara ce ta buɗe, sai shadda ta riƙa leƙowa ta tsakanin zare. Ka matse zanen rigar uba don ta ɗansa, suka ya cunkushe wuri guda, zare ya yi ta tsinkewa, wuyan ya ƙage kamar ƙirgi. Shi ya sa masu aikin ba sa son wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari; fiye da haka sai a koma asalin zanen, manhaja ta sake lissafa suka. A satin Sallah, lokacin da shadda ta mutane ce kuma ba lokacin gwaji, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Masu zubin tukwanen dalma nasu lissafin daban. Tukunyar da aka ninka ta ko'ina, cinta sau takwas ne, ƙarfenta ma sau takwas, ba biyu ba. Wanda ya yi kuɗin aiki da biyu ya ci bashi. Kuma dalma tana ƙanƙancewa idan ta huce, kusan kashi 1.3 cikin ɗari, don haka a nan ƙara girman samfurin da gangan ake yi.

Kumasi ta taɓa haɗa jami'a da maƙera. Cibiyar TCC ta KNUST, wadda aka kafa a 1972, ta buɗe sashen koyar da fasaha a cikin Suame Magazin a 1980, ta kai injuna inda masu aiki suke. Shawarata ga masu shirya wa matasan Zango horon kwamfuta ita ce su bi wannan sawun: ranar darasin canza girma a gayyato masta mai walda da tela mai aikin wuya su zauna a ajin, a buga zanen kowane ɗalibi a takarda da girmansa na ainihi, a miƙa masa tef ya auna a gabansu.